Igiyar Awon Ɗaki

Da la'asar Sagir ya iso ƙofar gidan su Shafa'atu a Jandutsi, da igiya a hannu. Tsawon gadon amarya ce igiyar. Gwaggo Rakiya ta je da ita ganin ɗakin da ya kama haya a Sabon Garin Jega, ta ƙulle daidai inda bango ya tare ta. Kamu guda ya yi saura yana lilo.

Shafa'atu ta dubi igiyar, ta dube shi. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Gwaggonki ta ce a ɗaga biki sai na samu ciki da falo," in ji shi. "Wata bakwai ina yawo, Shafa. Jama'a sun cika garin, haya kullum hawa take. Ko wanga ɗakin da na samu, rabin zaure ne anka raba da bulo."

"Kai mi ka ce?"

Ya daɗe yana murza ƙullin. "In jiran ya yi miki yawa, ba ni riƙe ki."

Maganar ta fi ta gwaggo ƙona mata rai. Ta shige gida, ta fito da wuƙar yankan albasa, ta datse igiyar a kan ƙullin.

"Ka kai ma kafinta wagga igiya, shi rage gadon. Ranar biki tana nan inda anka sa ta."

"Guntun fa?"

Ta naɗe shi a yatsa. "Na Gwaggo ne. Ni za ni kai mata da hannuna."