Kwalba Ta Tara

Ruwan kwalba ta tara ya yi rawaya sosai, har Dakta ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

Aikin sashensu ke nan: a shiga daji, a tono ƙasar da ke manne da saiwar bishiya, a kawo ɗakin gwaji. Saiwa tana fitar da wani sinadari, enzayim, mai narka mata abinci a cikin ƙasa. Anti mai awo takan zuba ƙasar a kwalba, ta ɗiga magani, ta jira awa guda tana kurɓar shayinta marar madara. Gwargwadon ƙarfin enzayim, gwargwadon rawayar ruwan. Kwalabe takwas na abokan aikinsa sun fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Tasa kuwa, tubarkalla.

"Shekara ashirin ban ga irin wannan ba," in ji Shugabar sashe, tana danne baki da gefen gyale. "Ina ka tono?"

"Can ƙurya, ranki ya daɗe. Bayan rafi na uku. Inda yaran zamani ba sa iya kaiwa."

Gaskiyar magana, bawan Allah bai ga ko rafi na farko ba. Ranar, sabon takalmi ne a ƙafarsa, na fata, mai sheƙi. Wane mai hankali ne zai kai shi cikin laka? Da ayarin abokan aikinsa ya ɓace cikin itatuwa, sai ya tsuguna gindin wata bishiya, taku goma daga inda aka ajiye mota, ya cika ledarsa, ya yi barcinsa a inuwa.

"Madalla. Jibi za ka kai mu wurin, dukanmu. Idan ta tabbata, sunanka ne farko a rahoto."

Idan ba ta tabbata ba fa? Wannan ba ta faɗa ba, shi kuma bai tambaya ba. Ya dai san mutumin da ya shekara yana kiran na ƙasa da shi ragwaye ba ya cewa "a bakin titi na tono."

Jibi ta yi. Dakta ya shige gaba, yana nuna hanyar da bai taɓa bi ba. Rafi na farko ya cinye masa takalmin hagu, sai da aka zaro da sanda. A na biyu wandonsa ya yage. Kiyashi suka yi masa maraba a na uku. Ba wanda ya yi ƙorafi, abin da ya ɗan ba shi mamaki; har waƙa wasu ke yi a bayansa.

Bayan awa huɗu ya zaɓi wata ƙatuwar bishiya, ya dafa ta kamar tsohuwar abokiya.

"Ga ta nan."

Ya durƙusa ya tona da hannunsa, ya kaɗe saiwa a leda, gumi na ɗiga daga gemu. Zuciyarsa tana lissafin ƙaryar da zai yi idan wannan ta fito fari-fari.

Anti mai awo ta karɓi ledar, ta shinshina, ta gyaɗa kai.

"Yauwa, Dakta, wannan zan auna. Waccan da na ga tsakuwar kwalta a ciki, ban ɓata mata magani ba. Shayina kawai na tsiyaya maka a kwalbar."