Tukwanen Kabarin Mai Amalanke

Ke Hansai, wannan ma tambaya ce? Da girmanki, da 'ya'ya uku a gabanki, ki zo ki tsugunna kina tambayata wai ko zunubi ne da aka ce miki baffan mijinki ya rasu ba ki ji komai a ranki ba. Ni malama ce? Ko alif ban sani ba, kuma rashin saninsa bai taɓa sa na kwana da yunwa ba. Abin da ido ya gani shi na sani. Gyara zama, ki daina tsinke mini bakin tabarma.

A wani ƙauye an yi wata maginiyar tukwane, mace mai saurin hawaye, wadda ko ɗan tsako shirwa ta sura sai ta yini tana jimami. Maƙwabcinta wani manomi ne mai shanun huɗa biyu da amalanke, mutumin da duk garin babu wanda ya taɓa shan ruwan randarsa. Shi ya tare hanyar ramin yumɓu da ƙaya, ta koma zagayawa ta bayan maƙabarta da kaya a ka. Shi ya taɓa kwara ruwa a kan gashin tukwanenta wai hayaƙi ya dame shi, tukwane arba'in suka tsage rana ɗaya. Duk ta shanye. Sai ranar da 'yarta ɗaya tilo ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta ce sai asibiti. Da hantsi uwar ta je ta durƙusa a ƙofar gidansa tana roƙon amalanke. Ya dube ta yana sakace, ya ce shanunsa sun gaji, gobe akwai huɗa. Kafin a samo wata daga ƙauyen gaba yarinya ta cika, da ita da abin da ke cikinta. Al'adar garin kuwa, da tukwane ake rufe ƙaramin ramin kabari kafin a mayar da ƙasa. Da tukwanen da uwar ta gina da hannunta aka rufe 'yar.

Bayan shekara tara ciwo ya kayar da mutumin, ɓarin jikinsa ya shanye. Maginiya ta dama kunu ta tafi dubiya, don haƙƙin maƙwabtaka bai san wa ya yi wa wani mugunta ba. Ta same shi a yashe a kan buzu, baki ya karkace, ƙuda na yawo a kan leɓensa, hannun korarsu ya ƙi ɗaguwa. Ta yi masa sannu. Ta tsaya tana jiran zuciyarta ta motsa, kamar mai jiran guga ya taɓa ruwa, igiya ta ƙare ba ta ji komai ba. Ba murna ta yi ba, kada ki yi mata ƙarya. Da murnar ce ma da sauƙi, sai ta tuba. Wannan kuwa babu abin da za ta kama ta ce ga shi. Ta koma gida ta yi alwala, ta ce da bakinta ta yafe masa, sau uku, ta roƙi Allah ya jefa mata tausayinsa ko da ƙwayar gero ne. Baki ya faɗa, ƙirji yana nan kamar faƙo.

Ranar da ya mutu aka aiko neman tukwanen kabari, don duk garin ita ke gini. Tana da masu tsaga a bayan ɗaki, waɗanda babu mai ganewa in an rufe da ƙasa. Ba ta bayar da su ba. Ta bi sababbi ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, wadda ta yi ƙara garau ita take warewa, tana cewa a ranta wataƙila in ta yi masa wannan, abin da ya toshe zai buɗe. Aka kwashe aka tafi. Ta shiga gidan makoki ta zauna cikin mata, wannan na sharɓar kuka, waccan na sharɓar kuka. Ta tuno bakin nan da ƙuda, ta tuno shi ma wata ce ta goya shi, har ta mintsini cinyarta a ƙarƙashin zane. Ido ya ƙi. A nan ta gane abin da sana'arta ta daɗe da sani. Ɗanyen yumɓu ko ya bushe, in ka ba shi ruwa zai yi laushi. Wanda ya shiga wuta kuwa, ko shekara ya yi a rijiya ba ya komawa. Mutumin nan ya gasa ta tun ranar amalanke, ya tafi ya bar ta a gashe. Bayan shi ƙanenta ya rasu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma ta nemi hawayen ta rasa. Har ta tsufa tana gina wa matattu tukwane masu kyau, ba ta ƙara yi wa kowa kuka ba, kuma ba ta san da wace fuska za ta tsaya da wannan zuciya gaban Mahaliccinta ba.

Kada ki tambaye ni inda na san ta. Gobe ki ɗauki mayafinki ki je ki yi gaisuwa, ki kama musu aikin tuwon sadaka, wannan yana hannunki. Abin da ke cikin ƙirji kuwa ba ni da maganinsa, ita ma ba ta samu ba. Tun kafin a haife mu aka ce ruwa ba ya tsami banza.

Ku kuma yara da kuka baza kunnuwa a bayan randa, wa ya kira ku? Ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta, kada in kai hannu ga muciya.