Murhun Inna

Sai da ta leƙa madafa ta ga inda karatunta ya shige.

Shekaru ta yi a jami'a tana haɗa siminti da tokar buntun shinkafa, don a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Dunƙulen kankare uku ta kawo gida Birnin Gwari, ta ajiye bayan ɗaki su sha damina kafin ta mai da su ɗakin gwaji. Yanzu ga su baƙi ƙirin, tukunyar tuwo zaune a kansu daram.

"Inna! Digirina fa kika ɗora wa tukunya!"

Inna ko a jikinta. "Yo ni na ɗauka tsaraba ce. Bulon kasuwa kwana biyu wuta ke tarwatsa shi. Waɗannan kuwa tun shuka nake girki a kai."

Ɗalibar ta durƙusa, ta ƙura musu ido. Ko tsaga babu. Gwajin wutar da ta rasa na'urar yi, Inna ta gama mata da itacen daji.

Dariya ta ƙwace mata.

"Ke, bar dariya," in ji Inna tana tuƙi. "Maƙwabta ma na so. Ashe dai karatun naki yana da amfani."