Rantsuwar da Baba Yake So

Saura kwana biyu zaɓen shugaban ƙasa, Falmata ta tarar da Ja'afaru a bakin kogi yana ɗinkin koma. Ba ta zauna ba.

"Baba ya ce ka turo magabatanka," ta faɗa, idonta a ƙasa. "Amma sai ka dafa Alƙur'ani cewa ɗan takararsa za ka zaɓa."

Ja'afaru ya ajiye allurar. Ya daɗe yana kallon kacalla, ciyawar da ta toshe hanyar ruwa har kifi ya ƙaurace musu.

"Wallahi ban san wanda zan zaɓa ba. Kowane ɗan takara ya ce zai share mana kacallar nan. Wancan karon ma haka aka ce."

"To ka rantse mana! Wa zai bi ka wajen dangwala?"

Ya ɗago ya dube ta. "In na rantse kan abin da babu shi a zuciyata, ranar da na rantse miki ina sonki, za ki yarda?"

Idonta ya ciko. "Me zan ce da Baba?"

"Ki ce masa ina tunani."

"Jibi ne fa, Ja'afaru."

Ya ɗauki allurar, ya rasa inda ya tsaya.