Tambaya ta Tara

Tun da aka hana ƙirƙirar labari a jarrabawar ma'aikatan jinya, na'ura ke tattaro abin da ya faru a gidajen mutane, Malama Lantana ta tsara tambayoyi a kai.

Yau ta tsaya a kan ta tara: "Uwa ta tarar ɗanta ya suma, tana kiran Nafi'u."

"Malam Sallau, daga wane gida wannan ya fito?"

"Ai sunan bogi ne," in ji abokin aikinta, bai ɗago kai ba.

Nafi'u ɗan Malama Lantana ne na fari. Shekara ashirin tana masa alkunya, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta duba kwanan watan da ke ƙasan labarin. Na gobe ne.