Tela da Mai Gadin Gero

Duk wanda yake son fara haɗa mutum-mutumi da hannunsa, amma yana ganin sai ya yi wani dogon karatu tukuna, to ga misalinsa.

Wata tela ce kajin maƙwabta suka hana ta sakat. Da ta shanya surfaffen geronta a tsakar gida ta koma kan keke, kafin ta kai ƙarshen ɗinki ɗaya sun cika tabarmar. In ta tashi kora ɗinki ya tsaya, in ta zauna gero ya tafi. Rannan sai ta gani a waya yadda ake haɗa wani ɗan mutum-mutumi mai taya biyu, yana yawo da kansa, in ya ci karo da abu ya juya. Ta ce ai ga maganin kaji. Ta ciro ƙananan injina biyu daga wata karyayyiyar motar wasan yara, ta yi tayoyi da marafan jarka, ta yi masa jiki da tsohon murfin kula. Ta aika kasuwa aka kawo mata batura da ɗan allon nan da yake zama ƙwaƙwalwarsa. A kansa ta kafa kara, ta ɗaura masa ragowar ƙyallaye don su riƙa kaɗawa. Da yake mace ce mai son aiki tsaf, sai ta jona wayoyin injin dama da na hagu iri ɗaya sak, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Ta ajiye shi gefen tabarma ta kunna. Ko taku ɗaya bai yi gaba ba. Nan inda ta ajiye shi ya hau juyi kamar mai hajijiya. Kajin suka ɗan ja baya suna kallonsa a karkace, can suka dawo, har wani zakara ya zo gindinsa yana tsattsaga abinsa. Maƙwabciyarta mai kajin ta leƙo ta katanga tana dariya, ta ce, "Yaya, mai gadin naki kora yake ko bori ne ya hau shi?" Kwana uku tana fama. Ta sake batura, ta sake tayoyi, ta kwance ta ɗaura, juyin dai yake yi, geron kuma kullum raguwa. Ta tura mutum-mutumin ƙarƙashin keke da ƙafa, ta ce wannan sai 'yan boko.

Da hantsin rana ta huɗu tana yankan hannun riga a wani yadi mai fuska da baya, hankalinta na kan gero, ta manta ba ta ninka yadin ba. Ta yanka ɗaya, ta ɗora shi yadda yake ta sake yanka wani. Da ta ɗaga sai ga hannun dama har biyu. Abin da ko ɗan koyo ya sani ne: hannun riga ba a yanka su iri ɗaya, sai an kifa fuska da fuska, ɗaya ya zama kishiyar ɗaya, sannan su zauna a jiki. Ta ajiye almakashin. Can ta sunkuya ta jawo abin nan daga ƙarƙashin keke, ta kifa shi a cinyarta. Ashe injinan baya suka ba wa juna, wannan na kallon gabas, wancan na kallon yamma. Ita kuma ta ba su umarni iri ɗaya, shi ya sa taya ɗaya ke gaba ɗaya ke baya. Ta zare wayoyi biyu na injin hagu ta musanya su, ta kai shi tsakar gida ta kunna. Ya miƙe sar ya nufi kajin, ƙyallaye na kaɗawa, suka watse da kyarkyara, zakaran har da haye katanga. Ta koma kan kekenta ta ci gaba da taka shi. Ranar sai da geron ya bushe ƙayau ta kwashe abinta cif.

Kwana ukun nan da ta yi tana neman ilimin a waje, yana nan cikin almakashinta. Shi ya sa Hausawa suka ce, a rashin sani kaza ta kwana a kan dami.