Geron Alhaji Jatau da 'Yan Kokawa Tara

A wani gari mai unguwa biyar, kokawa ake yi duk kaka da zarar amfanin gona ya shiga rumbu. Al'adar garin ita ce, ɗan kokawar da ya ci geron mutum da damina ya zama na unguwar mai geron, ba ya barinta sai maigidan ya sallame shi da bakinsa. Kuma 'yan gida ɗaya ba sa kama juna a fili, don wanda kuka sa hannu a akushi ɗaya ba ka kai bayansa ƙasa a gaban jama'a.

A Unguwar Gabas akwai wani mai fataucin hatsi, Alhaji Jatau, wanda ke son kokawa tun ƙuruciya, ko da yake bai taɓa kayar da kowa ba. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, sauran unguwanni suka kasa ciyar da nasu, shi kuwa rumbunansa cike. Ba da mugunta ya yi ba. Duk wanda ya zo ƙofarsa ya auna masa, kafin a farga gwanaye tara na garin duk geronsa suka ci. Kaka uku a jere Gabas tana cinyewa. Ta farko an yi murna. Ta biyu sauran unguwanni suka turo sababbin shiga, aka kayar da su kafin makaɗi ya gama ɗaure ganga. Ta uku makaɗan suka koma wani gari, masu rake da masu ƙosai suka bi su.

Cikin taran nan akwai Barmo, mai shekara talatin da biyu, shekarun da gwiwar ɗan kokawa ke fara yi masa magana. Kaka biyu yana ɗaura warki ya zauna a bakin fili har a tashi, ba wanda ya fito masa, domin duk masu iya tararsa suna zaune tare da shi a tabarma ɗaya. Ya san in ya ƙara biyu a haka, zai bar kokawa ba a san iyakar ƙarfinsa ba. Sai ya sami Alhaji a zaure bayan la'asar, ya durƙusa.

"Maigida, ba ƙorafi na kawo ba. Na ƙoshi, iyalina sun ƙoshi. Amma ko ragon layya don wata rana ake kiwonsa. Ni ranar tawa tana wucewa ina zaune."

"Wani ya yi maka tayi ne?"

"Wa ke da abin tayi, Maigida? Ai ka saye kasuwar har da rumfunanta."

Da Alhaji ya so, kalma ɗaya ta isa ya sallame shi a wuce wurin. Amma ya lura cewa sakin mutum ɗaya bai gyara komai ba, domin duk shekarar da ruwa ya sake ɗaukewa, shi ko wani mai rumbu zai sake kwashe su. Ya roƙi sarkin kokawa ya tara dattawan unguwannin biyar, ya kawo musu ƙa'ida biyu. Kada wata unguwa ta ciyar da 'yan kokawarta fiye da dami sittin a shekara, komai arzikin maigidanta. Kuma duk wanda ya yi wa gida kaka uku ya mallaki kansa, ya tafi inda ya ga dama ba sai ya nemi izini ba. 'Yan kokawa suka yi gunaguni a kan ta farko, don rabonsu zai ragu. Ƙananan unguwanni suka ƙi ta biyu, don tsoron su raini yaro ya ƙosa ya gudu. Alhaji ya ce a ɗauki ƙa'idojin biyu tare ko a bar su tare: iyakar gero ita za ta tsare ƙananan unguwanni daga rumbunsa, sallamar kuma ita za ta ba wanda rabonsa ya ƙanƙance a nan damar neman inda ake bukatarsa. Wani dattijo daga Unguwar Marina ya dube shi ya ce, "Alhaji, ka san duk wurin nan ba mai asara kamarka?" Ya ce, "Na sani, Baba. Da sanina na fito daga gida."

Dattawan suka amince da ƙa'idojin biyu. Shida daga cikin taran suka bar shi a damina ɗaya. Barmo ya tafi Marina a kan rabin geron da yake samu a da. Da kaka ta zo, aka haɗa shi da Gagare, mafi ƙarfin ukun da suka rage wa Alhaji. Suka daɗe a sarƙe, kowa ya san dabarar kowa, har aka raba su sau biyu suka sha ruwa. A kamu na uku Barmo ya shiga ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi, ya shimfiɗa bayansa a yashi. Gabas ta zo ta uku a shekarar. Alhaji Jatau bai ga kayen daga kujerarsa ba, domin jama'a sun cika har sun tare masa gaba. A kan wani turmi aka hange shi tsaye, ya dafa kafaɗar wani baƙo, hularsa a hannu, yana tambaya ko an ga yadda Barmo ya sa ƙafa.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: in dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.